Rikicewar Manhajoji Bayan Sabunta Kwamfuta da Waya: Nazari a kan Warra da Ƙasar Yawuri

Tsakure

Wannan takarda ta yi nazarin matsalar da ke tasowa idan manhajoji suka tsaya ko suka rikice bayan an sabunta babbar manhajar da ke tafiyar da na'ura, wato irin su Windows, Android da Linux. An ɗora nazarin a kan yanayin Warra da sauran garuruwan ƙasar Yawuri da ke bakin tafkin Kainji. Takardar ta bayyana musabbabin rikicin, ta kawo misalai daga Nijeriya da waje, sannan ta soki hanyoyi biyu da aka fi bi a shagunanmu: toshe sabuntawa baki ɗaya, da goge na'ura kaf da zarar ta soma gardama. Matsayinta shi ne mai na'ura ne ya kamata ya zaɓi lokacin sabuntawa, kuma kada ya soma sai ya tanadi hanyar komawa baya.

Gabatarwa

Warra, hedikwatar ƙaramar hukumar Ngaski, gari ne na ruwa da kasuwa. An san shi da kifi, da jiragen da ke tsallaka tafki zuwa ɓangaren jihar Neja. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne yawan al'amuran mutanen wannan yanki da suka koma rataye a wuyan na'ura. Tun 2015 a kwamfuta kaɗai ake rubuta jarrabawar JAMB, tun 2021 kuma ba a yin rajistarta sai da lambar NIN. Ɗan kasuwar da ya sayar da busasshen kifi yakan karɓi kuɗinsa ta waya ko ta hannun mai POS, musamman tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023. Rahoton asibitocin ƙaramar hukuma ta manhajar DHIS2 yake isa sama.

Duk wannan nauyi na'urori kaɗan ne ke ɗauke da shi. A Kano, idan kwamfutar wani shago ta ƙi aiki, sai ka taka zuwa na gaba. A garuruwan Ngaski da Shanga kuwa, tsayawar firinta ɗaya ko na'urar ɗaukar hoton yatsa ɗaya na iya zama tafiya zuwa Yelwa ko Kontagora, da kuɗin mota, da asarar yini, wani lokaci ma da wucewar wa'adin rajista. Shi ya sa nake ganin wannan batu ya wuce hirar masu gyara. Maganar da aka fi ji a bakin mai shago ita ce, "Jiya lafiya lau na kashe ta." Galibi gaskiya yake faɗa. Abin da bai sani ba shi ne tsakanin kashewar da kunnawar, na'urar ta sauya wani abu a cikinta.

Abin da ke karyewa

Babu manhajar da ke tsaye da ƙafarta. Kowace tana jingine da wasu ƙananan ƙunshe-ƙunshe da ake kira laburare, waɗannan kuma suna jingine da babbar manhaja, ita kuma tana magana da firinta da sikana da allon na'ura ta hanyar direbobi. Mai rubuta manhaja yakan gina ta ne a kan wani zubi na waɗannan abubuwa. Ranar da aka sauya na ƙasa, na sama zai iya neman abin da ya saba samu ya rasa.

Rikicin direba shi ya fi damun shagunan buga takardu. A ranar 9 ga Maris 2021 Microsoft ta fitar da sabuntawar Windows 10 mai lamba KB5000802, sai ga kwamfutoci suna faɗawa shuɗin allo da zarar an tura aiki zuwa wasu firintoci, ciki har da na Kyocera da Ricoh. A cikin shekarar dai, gyaran da aka yi don toshe ɓarakar tsaron da aka laƙaba wa PrintNightmare ya sa firintocin da kwamfutoci da yawa ke rabawa suka riƙa ƙin haɗuwa. Haka na'urar yatsa ta DigitalPersona 4500, wadda masu yi wa ɗalibai rajistar bautar ƙasa suka sani sarai, tana da direba iri biyu: na shiga Windows da yatsa, da wanda manhajojin rajista ke nema. In wanda bai dace ba ya hau, fitilar na'urar za ta kunnu, amma manhajar ta ce ba ta gan ta ba. Da yawa sun sayi sabuwa alhali tsohuwar ƙalau take.

Rikicin ƙunshi ya fi fitowa fili a Linux, wanda ɗalibanmu masu koyon rubuta manhaja suke ƙara runguma. Manhaja ɗaya tana son tsohon zubin wani laburare, wata tana son sabo, mai kula da ƙunshe-ƙunshe na tsarin kuma ba zai ajiye biyun a gurbi ɗaya ba. Python 3.12, wanda ya fito a Oktoba 2023, ya cire wani tsohon sashe mai suna distutils, sai manhajojin da suka dogara da shi suka tsaya a Ubuntu 24.04. Tun daga Debian 12 kuma tsarin yana hana a yi amfani da pip a zuba ƙunshi kai tsaye cikin Python ɗin da shi kansa yake aiki da shi. Ɗalibi yakan ɗauki wannan hani a matsayin lalacewa, ya nemo umarnin da zai karya shi, alhali an sa shi ne don kare shi daga ainihin rikicin da muke magana a kai.

Waya ma ba ta tsira ba. A ranar 22 ga Maris 2021 wata sabuntawa ta Android System WebView ta sa Gmail da manhajoji da dama suna rufewa da kansu a faɗin duniya. Maganin bai wuce cire wannan sabuntawa ko saka gyararriyar da Google ta fitar washegari ba. Akwai kuma wani abu da ya shafe mu kai tsaye. Tun Agusta 2021 Google Play ke raba sababbin manhajoji gunduwa-gunduwa, kowace waya a ba ta abin da ya dace da ƙirarta. Mu kuwa saboda tsadar data mun saba tura wa juna manhaja ta Xender. Abin da aka yanka wa wata Tecno ba lallai ya zauna a kan wata itel ba, ko ya zauna yau ya tsaya bayan sabuntawa ta gaba.

Darasin JAMB na 2025

Wanda yake ganin wannan ƙaramar magana ce ya tuna da abin da ya faru a jarrabawar shiga jami'a ta 2025. A ranar 14 ga Mayu, shugaban hukumar JAMB na lokacin, Farfesa Ishaq Oloyede, ya tsaya gaban manema labarai ya amsa cewa sakamakon ɗalibai 379,997 ya samu matsala a cibiyoyi 157, wato 65 a Legas da 92 a jihohin Kudu maso Gabas. Bayanin hukumar shi ne an yi wa manhajar jarrabawar gyara, amma gyaran bai hau daidai a kan sabobin waɗannan cibiyoyi ba. Wani ɓangare na tsarin yana aiki da sabon zubi, wani yana kan tsoho, kuma ba a gano ba sai bayan an saki sakamako. Dole aka sake wa ɗaliban jarrabawa.

Abin lura a nan shi ne babu wanda ya ga shuɗin allo. Komai ya yi kamar yana tafiya daidai. Sabuntawar da ta hau rabi ta fi wadda ta faɗi ƙarara haɗari, domin ita ba ta ihu. Kusan shekara guda kafin nan, ranar 19 ga Yuli 2024, wata sabuntawa ta kamfanin tsaro na CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutocin Windows kimanin miliyan 8.5 bisa ƙiyasin Microsoft, jiragen sama suka kasa tashi, asibitoci suka koma takarda. Can kuwa laifin shi ne an saki abu ga kowa lokaci ɗaya ba tare da an soma da kaɗan ba. Yanzu da WAEC ta soma jarrabawa a kwamfuta tun 2024, makarantun Yawuri, Ngaski da Shanga za su shiga wannan fage ko sun shirya ko ba su shirya ba.

Yanayin da ba a yi lissafinsa ba

Masu tsara sabuntawa suna ɗauka cewa na'ura tana kan wutar da ba ta yankewa, da intanet mai sauri da araha, kuma ita kanta ba ta tsufa ba. Ko ɗaya daga cikin ukun bai tabbata a wurinmu ba.

Madatsar Kainji, wadda aka kammala a 1968 aka kuma tashi garuruwa da ƙauyuka na wannan yanki saboda ita, an girka mata injinan da ƙarfinsu ya kai megawat 760. Duk da haka mai shago a bakin tafkin da janareto ko sola yake dogara. Lokacin da Windows ta rubuta cewa kada a kashe kwamfuta, tana tsakiyar musanya tsofaffin fayiloli da sababbi ne. In man janareto ya ƙare a daidai nan, kuma batirin laftof ɗin ya daɗe da mutuwa, sai a tashi da tsarin da rabinsa sabo rabinsa tsoho. A Linux ma haka ne: yankewar wuta na barin ƙunshe-ƙunshe a buɗe ba a gama ɗaure su ba.

Data kuma ta ƙara tsada tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a Janairu 2025. Sabuntawar wata-wata ta Windows kan cinye ɗaruruwan megabait, wani lokaci ta haura gigabait. Mai shagon da ke jona kwamfuta da wayarsa ba zai ji daɗin ganin datar mako ta tafi a dare ɗaya ba, kuma yana da gaskiya.

Sai tsufan na'urori. Yawancin laftof ɗin da ke hannunmu na hannu ne, sun gama aiki a Turai ko Amurka kafin su iso ta Legas ko Kano. Windows 11 tana buƙatar guntun tsaro na TPM 2.0, kuma a jerin Intel galibi sai zubi na 8 zuwa sama. A ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10, in ban da ƙarin wa'adin gyaran tsaro ga wanda ya yi rajista. Masu gyara sun iya dabarar ɗora Windows 11 a kan na'urar da ba ta cancanta ba, amma kamfanin ya faɗa a fili cewa bai ɗauki alkawarin ci gaba da sabunta irin waɗannan ba. Wani ƙaramin abu da ake mantawa shi ne ɗan batirin da ke riƙe agogon kwamfuta. In ya mutu, kwanan wata ya koma baya, sai shafukan intanet su ƙi buɗewa, sabuntawa ta ƙi sauka, a yi ta zargin netwok.

Ba zan tsallake fasassun manhajoji ba. Office ko CorelDRAW ɗin da aka fasa an taɓa wasu fayilolinsa, kuma manhajar tsaro ta Windows kan ɗauke su a matsayin cuta ta share. Daga nan ne mai shago ke koyon kashe tsaron da sabuntawar gaba ɗaya.

Hanyoyi biyu da aka saba

Hanya ta farko ita ce toshewa. Da an ɗora Windows sai mai gyara ya kashe sabuntawa har abada, mai na'ura ya yi godiya. Wannan gudun gara ne a faɗa gidan zago. Cutar WannaCry da ta bazu a ƙasashe kusan 150 a Mayu 2017, har ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila, ta shiga ne ta ɓarakar da Microsoft ta riga ta fitar da maganinta tun Maris. Waɗanda ba su sabunta ba ne suka kwana ciki. Kwamfutar shago da ake cusa wa filashin kowa da kowa, kuma take riƙe da hotunan fasfo da lambobin NIN na jama'a, ita ce ta fi kowace buƙatar gyaran tsaro. Toshewar ma ba ta dawwama: tun Oktoba 2023 WhatsApp ta daina aiki a wayoyin da ke ƙasa da Android 5.0.

Hanya ta biyu ita ce goge na'ura kaf, wato fomatin a kwamfuta, filashin a waya. Ina girmama masu gyaranmu, domin da yawansu da ido da hannu suka koyi aikin, ba wanda ya zaunar da su a aji. Amma gogewa ba bincike ba ne. Tana tafiya da takardun mutane, kuma da yake ba a gano musabbabi ba, sabuntawar da ta jawo matsalar za ta sake sauka bayan kwana kaɗan, a koma gidan jiya.

Hanyar bincike

Tambayar farko ita ce: me ya sauya, kuma yaushe? Na'ura tana ajiye amsar. A Windows akwai tarihin sabuntawa cikin saituna, kowace da lambarta da ranar da ta hau. A Ubuntu da Debian fayil ɗin /var/log/apt/history.log yana nuna duk abin da aka saka ko aka cire. A waya, Google Play yana nuna manhajojin da aka sabunta kwanan nan. In ranar da matsala ta soma ta yi daidai da ranar wata sabuntawa, an yi rabin aiki. Kafin a taɓa komai kuma a ɗauki hoton saƙon kuskuren da waya, domin lambar da ke jikinsa ita za a bincika, a kuma kwashe muhimman fayiloli zuwa wani wuri.

Daga nan sai a koma baya taki ɗaya, ba goma ba. Windows tana ba da damar cire sabuntawa guda ɗaya, ko mayar da direba guda zuwa tsohonsa ta Device Manager. In babban sauyi ne, kamar daga Windows 10 zuwa 11, akwai kwana 10 na komawa, muddin ba a share jakar Windows.old don neman wuri ba. In kwamfutar ta ƙi tashi sam, bayan ta gaza sau biyu ko uku a jere takan buɗe shafin ceto da kanta, inda za a iya cire sabuntawar ƙarshe ko a shiga Safe Mode. In ana zargin yankewar wuta ta ɓata fayiloli, a gudanar da DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth, sannan sfc /scannow.

A Linux, umarnin sudo dpkg --configure -a yana ƙarasa abin da aka bari a buɗe, sudo apt --fix-broken install kuma yana cike giɓin dogaro. Sai dai a karanta abin da apt ya ce zai yi kafin a amince. In ya ce zai cire ƙunshi da yawa don ya saka ɗaya, a dakata, domin galibi wata ma'ajiya ta waje da aka ƙara ce ta kawo zubin da bai dace ba. In katin Wi-Fi ko allo ne ya tsaya, a zaɓi tsohon kanel daga jerin GRUB lokacin tashi. Ɗalibin Python kuwa ya saba wa kansa buɗe keɓantaccen muhalli da venv ga kowane aiki.

Doka ɗaya ta ratsa duk waɗannan: a sauya abu ɗaya, a gwada, a rubuta. Wanda ya sauya abu biyar lokaci guda, ko na'urar ta tashi bai san wanne ya yi magani ba, gobe kuma zai sake lalube.

Rigakafin ya fi sauƙi. Microsoft tana fitar da gyaran tsaro ranar Talata ta biyu a kowane wata, kuma Windows tana yarda a dakatar da sabuntawa har mako 5. Mai shago zai iya dakatarwa a lokacin rajistar JAMB ko WAEC, ya saki bayan an gama, da rana, batir a cike, janareto da mai. Ya kuma sanya layin intanet ɗinsa a matsayin mai awo, don kada kwamfuta ta sha data ba da saninsa ba. Inda kwamfutoci suke da yawa, a soma da ɗaya, a gwada firinta da na'urar yatsa da manhajar jarrabawa a kanta, a ba ta kwanaki, sannan a bi sauran, a kuma tabbatar duk sun koma zubi ɗaya. Mai jirgi a Warra ba ya gwada sabon inji ranar kasuwa da fasinja cike. Ubuntu ma ba ta tayin hawa sabon zubinta mai dogon tallafi sai gyararren fitowa na farko ya fito, kamar yadda 24.04.1 ya zo a Agusta 2024, wata huɗu bayan na asali.

Matsalar data tana da mafita da ba a cika amfani da ita ba. Ana iya sauke sabuntawa sau ɗaya daga Microsoft Update Catalog a raba ta da filashi mai tsabta. Windows na iya raba abin da ta sauke ga sauran kwamfutocin da ke layi ɗaya, a Linux kuma apt-cacher-ng na yin wannan aiki. Ɗakin kwamfuta na makaranta bai kamata ya sayi abu ɗaya sau talatin ba.

Abin da ya rage ga hukumomi

Mai shago shi kaɗai ba zai iya duka ba. Hukumomin da ke tilasta amfani da manhajarsu, na jarrabawa da na rajista da na lafiya, su riƙa faɗa a fili da wane zubin Windows ko Android manhajar take aiki, da wane direba, kuma su daina sakin sabon zubi ana saura kwana kaɗan wa'adi ya cika. Duk mai raba kwamfutoci ga makarantu, gwamnati ce ko ɗan siyasa, ya haɗa da batir ko sola da kuɗin kula, kuma kada ya sayo na'urar da ba za ta ɗauki tsarin da ake tallafawa ba. Tsofaffin kwamfutocin da ke ƙasa kuwa, da yawansu za su yi shekaru suna aiki da Linux Mint ko Lubuntu maimakon a jibge su a sito.

Kirana na musamman ga Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, da jami'ar jiha da ke Aliero, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru: ku fito da gajeren horo da Hausa, na mako ɗaya ko biyu, ku kawo shi Yelwa da Warra da Shanga, domin masu gyara da masu shago da malaman da aka damƙa wa ɗakunan kwamfuta. A koya musu karanta tarihin sabuntawa, da ajiye kwafi, da komawa baya, da riƙon amanar bayanan mutane kamar yadda dokar kare bayanai ta 2023 ta tanada. A yi shi kafin lokacin rajistar jarrabawa mai zuwa.